Teburin Magatakarda: Kwana Huɗu a Sawun Walter Scott

Shekara talatin da ɗaya na yi ina zama ƙasa da kujerar alƙali, ina rubuta abin da mai ƙara ya ce, da abin da wanda ake ƙara ya mayar, da abin da shaidu suka rantse a kai. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san yadda yake cin yatsa da ƙugu, ya kuma san idan an tashi daga zama babu mai tuna sunan magatakarda. Shi ya sa ranar da ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Jami'ar Edinbara, babban birnin Sikotlan, ya ce mini a waya, "Kawu, ka san mutumin da aka gina wa doguwar hasumiyar nan ta tsakiyar gari aikinku ɗaya?" ban gaskata shi ba. Na san sunan Walter Scott tun ina sakandare, lokacin da aka ba mu taƙaitaccen Ivanhoe mu karanta. A sanina marubuci ne kawai. Yaron ya ce in zo in gani, tunda gani ya kori ji. Da na yi ritaya, Allah ya kawo hali, sai na shirya a watan Satumba.

Daga Landan muka hau jirgin ƙasa, tafiyar awa huɗu da rabi. Tashar da muka sauka sunanta Waverley, kuma sunan littafin Scott na farko ne a fagen ƙagaggun labarai, wanda ya fito a 1814. Muna hawowa kan titin Princes sai ga hasumiyar a gabanmu, baƙa ƙirin saboda hayaƙin shekaru da dutsen ya sha, tsininta ya soki sama. Tsawonta mita 61, matakalarta 287. Wani kafinta ne da ya koya wa kansa zanen gini, George Meikle Kemp, ya tsara ta. An fara aikin a 1840, amma bai ga ƙarshensa ba, domin ya faɗa wata mashigar ruwa ya rasu a 1844. A ƙarƙashin hasumiyar akwai mutum-mutumin Scott na farin dutse, yana zaune da littafi a hannu, karensa Maida na kwance a gefe. Na daɗe ina kallonsa, iska mai sanyi na ratsa mini babbar riga. Kyakkyawan aiki ne, amma ba shi na zo nema ba. Wannan hoton marubuci ne. Ni ma'aikacin kotu nake nema.

Washegari Juma'a ce. Muka yi sammako zuwa tsohon gari, muka bi titin da ya gangaro daga ganuwar sarauta, har cocin St Giles. Bayan cocin ne ginin da majalisar dokokin Sikotlan ta zauna a ciki kafin 1707, shekarar da ƙasar ta haɗe da Ingila. Majalisar ta tashi, amma yarjejeniyar haɗewar ta bar wa Sikotlan dokokinta da kotunanta, sai manyan kotuna suka gaje ginin. Har yau nan ne babbar kotun ƙararrakin da ba na laifi ba take zama. Muka bi ta wurin masu bincike a ƙofa, muka shiga babban zauren.

Nan jikina ya yi sanyi. Zaure ne mai tsawo, rufinsa na baƙin katako mai sarƙaƙiya tun ƙarni na 17, ga hotunan tsofaffin alƙalai a bango. Lauyoyi biyu na gani suna kai da kawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, kafaɗa da kafaɗa, suna magana ƙasa-ƙasa, in sun kai bango su juyo tare. Tsohuwar al'ada ce, wai don kada na tsaye ya ji sirrin ƙarar da suke tattaunawa. A wannan daɓen ne Scott ya yi ta zarya yana saurayi, yana jiran wanda zai kawo masa aiki.

Mahaifinsa, shi ma Walter Scott, lauya ne irin na ofis, masu shirya takardu da riƙe amanar dukiyar mutane. An haifi ɗan a ranar 15 ga Agusta 1771, kuma a 1786, bai cika shekara goma sha biyar ba, uban ya ɗauke shi almajiri a ofishinsa. Aikin kwafe takardu ne, ana biyan kwabo uku kowane shafi, shi kuma yana kai kuɗin wurin masu ba da aron littattafai. Ya taɓa faɗa cewa akwai ranar da ya kwafe shafi 120 a zama ɗaya, ba ci ba hutu. Da na ji wannan sai na duba yatsana na tsakiya, inda biro ya bar mini kanta. Duniya na mamakin yadda mutum ɗaya ya zubo littattafai masu yawa haka. To hannun da ya rubuta su a nan aka horar da shi.

A zamanin almajirancin ne aka fara aika shi ƙasar tuddai ta arewa, ba yawon buɗe ido ba, aiwatar da umarnin kotu ne na tayar da wasu mutane daga gona, da saje ɗaya da sojoji shida a bayansa. Sun isa suka tarar mutanen sun riga sun tashi. Wannan ƙasa ce daga baya ya sa duniya ta ƙaunace ta da alƙalaminsa, ga kuma yadda ya fara shiga cikinta. Na taɓa bin ma'aikatan kotu irin wannan aike, na san nauyin da ke zuciyar mai riƙe da takardar.

A watan Yuli 1792 aka karɓe shi cikin ƙungiyar lauyoyi masu tsayawa gaban alƙali. Littafin da yake rubuta kuɗin aikinsa ya nuna shekarar farko fam 24 da sule uku ya samu. A shekara ta biyar ya kai fam 144, kuma fam 50 daga ciki ayyukan ofishin mahaifinsa ne. Wato kasuwa ba ta buɗe masa sosai ba. A 1793 ya tsaya wa wani limamin coci da ake tuhuma da shaye-shaye a gaban babban taron cocin Sikotlan, ya sha kaye. A garin Jedburgh kuma ya kare wani ɓarawo mai fasa gidaje, bai yi nasara ba, mutumin kuwa ba shi da ko kwabo. Sai ya biya shi da shawara iri biyu: kada ya dogara da babban kare a tsakar gida, ya ajiye ƙaramin mai yawan haushi a cikin ɗaki, kada kuma ya ruɗu da sababbin kwadon ƙofa na zamani, tsohon mai nauyi da ƙaton mabuɗi ya fi ba ɓarawo wahala. Scott bai manta da wannan lada ba har tsufansa. Shi kansa bai ɓoye cewa tsakaninsa da aikin lauya babu wata soyayya tun farko ba. Amma ya ce rubutu zai zame masa sandar dogarawa ne, ba ƙafar tafiya ba. Mai iyali ba ya sakin na hannu.

A cikin zauren akwai wani mutum-mutuminsa na dutse, ƙarami, yana zaune a kujera, ba ado. Shi ya fi kwanta mini. A 1806 aka naɗa shi ɗaya daga manyan magatakardan wannan kotu. Sharaɗin kuwa mai tsauri ne: tsohon da ya gada, George Home, zai ci gaba da karɓar albashin, shi kuma ya yi aikin. Haka ya yi ta yi kyauta har 1812, sannan ya fara karɓar fam 1,300 a shekara. Aikin shi ne ya zauna a teburi ƙasa da alƙalai, ya saurara, ya mayar da hukuncin da suka furta da baki zuwa rubutu a tsarin doka, ya sa hannu. Mai ganin wannan ƙaramin aiki ne bai taɓa yin sa ba. Kalma ɗaya ta zame maka, gonar wani ta koma hannun wani. Kotun na zama kimanin wata shida a shekara, awa huɗu zuwa shida a yini. Shi kuwa yakan tashi tun ƙarfe biyar na asuba, ya kunna wutarsa da kansa, ya yi rubutunsa kafin karin kumallo, sannan ya kama hanyar kotu. Haka ya yi har 1830, shekara ashirin da huɗu.

Na ce wa yaron, "Ɗana, ka ga wannan? Shekarun da Turai da Amurka ke rububin littattafansa, kullum da safe yana nan yana rubuta hukuncin rikicin gado da na bashi."

Ya ce, "Kawu, to me ya sa ya ɓoye sunansa?"

Gaskiya ne, Waverley da waɗanda suka biyo baya ba su ɗauki sunansa ba. Ya riga ya yi suna a waƙa tun 1805, wannan ba abin kunya ba ne a lokacin. Amma ƙagaggen labari ana masa kallon abin da bai kai ba, kuma ya rubuta wa wani abokinsa cewa yana shakkar ko ya dace a ce magatakardan babbar kotu yana rubuta irinsa. Sai a watan Fabrairu 1827, a wata liyafa a Edinbara, ya amsa a bainar jama'a cewa shi ne.

Da muka fito, yaron ya nuna mini ƙasa kusa da ƙofar cocin. An jera duwatsu cikin siffar zuciya. Nan ne ƙofar tsohon gidan yarin birnin take kafin a rushe shi a 1817, kuma muna tsaye wani mai wucewa ya tofa yawu a kai, al'adar da ta samo asali daga ƙin jinin wurin. Laƙabin gidan yarin ne Scott ya sa wa littafinsa na 1818, The Heart of Midlothian, wato Zuciyar Midlothian, wanda na karanta a jirgi, kuma a ganina babu mai rubuta shi sai wanda ya zauna a kotu.

Ginshiƙin labarin wata doka ce ta gaske, ta 1690. Ta ce idan mace ta ɓoye cikinta, ba ta nemi taimako wurin haihuwa ba, sannan aka sami jaririn a mace ko aka neme shi aka rasa, to za a ɗauka ita ta kashe shi, hukuncinta kisa, ko da babu wanda ya ga ta yi. A labarin, an gurfanar da wata yarinya, Effie Deans, a kan haka. Lauyanta na bukatar abu ɗaya tak: yayarta Jeanie ta ce ƙanwar ta taɓa faɗa mata tana da ciki. Jimla ɗaya, rai ya tsira. Jeanie ta san ƙanwarta ba ta kashe kowa ba, amma kuma ba ta taɓa faɗa mata ba, ga shi ta yi rantsuwa. Ta ƙi yin shaidar zur. Aka yanke wa Effie hukuncin kisa, sai Jeanie ta kama hanyar Landan, mafi yawa a ƙafa, ta je ta roƙo mata afuwa ta hannun sarauniya. Ba ƙirƙira ce zalla ba: wata mata ce mai suna Helen Walker ta yi haka a gaske, kuma Scott ne ya biya aka sa wa kabarinta dutse.

Na ga mutane sun dafa Alƙur'ani sun yi ƙarya a kan iyakar gona taku biyu. Na kuma ga tsohuwar da ta faɗi gaskiya a kan ɗan cikinta tana kuka, ina rubutawa hannuna na rawa. Mutanenmu na cewa shari'a saɓanin hankali, kuma abin da Scott ya kama ke nan: doka na iya tafiya daidai bisa ƙa'idarta, alƙali bai yi zalunci ba, lauya bai yi sakaci ba, amma a wayi gari za a rataye marar laifi. Bai zagi kotu ba, bai kuma wanke ta ba. A wani littafin, Redgauntlet na 1824, ya kawo wani Peter Peebles, wanda ƙara ɗaya ta cinye masa dukiya da hankali tsawon shekaru, yana yawo a harabar kotu cikin tsumma yana alfahari da girman shari'arsa. Wallahi na san Peter Peebles. Kowace kotu tana da nata.

Muka leƙa gidan tarihin marubuta da ke wani lungu kusa, inda aka haɗa kayan Scott da na Robert Burns da na Robert Louis Stevenson. Abin da ya tsaya mini a rai dokin katako ne na wasan yara, wurin taka ƙafarsa ɗaya ya fi ɗaya tudu. Cutar shan inna ta kama Scott yana ɗan wata goma sha takwas, ta bar masa ɗingishi a ƙafar dama har mutuwa. Saboda ita aka kai shi gonar kakansa a Sandyknowe, can ƙasar kan iyaka da Ingila, inda gwaggonsa Jenny da kakarsa suka cika masa kunne da tatsuniyoyi da waƙoƙin mahara shanu na zamanin da. Mu da muka san yaran da shan inna ta taɓa a unguwanninmu, wannan doki ba ya bukatar bayani.

Daga nan muka sauka babban masallacin Edinbara muka yi Juma'a. Taku kaɗan ne daga masallacin zuwa dandalin George, inda gidan mahaifinsa yake, mai lamba 25, a nan ya girma. Yanzu jami'a ta kewaye wurin, ɗalibai na zaune a ciyawa.

Bayan hutun ƙarshen mako muka hau jirgin da ke zuwa ƙasar kan iyaka. An sake buɗe wannan layi a 2015, kuma tafiyar ba ta kai awa ɗaya cikakkiya ba. Tuddai kore shar, tumaki kamar an watsa auduga. Muka sauka Galashiels, muka shiga bas zuwa Selkirk, ƙaramin gari a kan gangare.

A tsakiyar kasuwar garin akwai gini mai tsini da agogo, gabansa mutum-mutumin Scott sanye da rigar alƙali. A watan Disamba 1799 aka naɗa shi alƙalin gundumar Selkirk, albashi fam 300 a shekara, kuma ya riƙe muƙamin har ya rasu, kusan shekara talatin da uku. Wato a Edinbara yana ƙasa da alƙalai, a nan kuma shi ne a sama. Mutanen wurin ba sa ce masa komai sai "Shirra", yadda bakinsu ke furta sunan muƙamin. Ɗakin shari'ar yanzu gidan tarihi ne. Na tsaya gaban kujerar alƙali, na kuma nemi inda magatakarda zai zauna, domin idona can yake fara zuwa. Ƙararrakin da aka kawo masa irin namu ne: bashi, faɗa, hayar gona, ladan ƙwadago, farauta da kamun kifi a hurumin wani ba izini. Yana da mataimaki, Charles Erskine, mai sauraron yawancin ƙararrakin yau da kullum, a tura masa takardun ya rubuto hukunci. Da aka matsa masa cewa doka ta wajabta wa alƙali zama a gundumarsa wani yanki na shekara, sai ya kama hayar gida a Ashestiel, bakin kogin Tweed, a 1804.

Labarin da na fi so a nan na Tom Purdie ne. An kawo shi gaban Scott kan farauta ba izini. Ya ba da uzurinsa: ga mata da 'ya'ya, ba aiki, ga namun dawa na yawo. Scott ya saurare shi, ya ga mutum ne ba mugu ba, yunwa ce. Maimakon ya bar shi ga hukunci, sai ya ɗauke shi kiwon tumaki, daga baya ya damƙa masa kula da itatuwan gandunsa. Suka zauna tare har Purdie ya rasu a 1829, Scott ya sa aka yi masa dutsen kabari a Melrose. Na yi aiki da alƙalai masu ilimi da yawa, amma masu iya duban fuskar wanda ke tsaye su gane abin da ya kawo shi, zan ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Muna gangarawa babban titin garin sai na ci karo da sunan da ban zata ba: Mungo Park, tsaye a kan dutse. Ashe ɗan wannan yanki ne, an haife shi a Foulshiels a 1771, shekara ɗaya da Scott, kuma sun yi abota a 1804. Wata rana Scott ya same shi a bakin kogin Yarrow yana jefa duwatsu cikin ruwa yana kallon kumfa. Park ya ce haka yake gane zurfin kogi a Afirka kafin ya tsallaka, Scott kuwa ya gane a ransa mutumin zai koma. Ranar rabuwarsu dokin Park ya yi tuntuɓe, Scott ya ce wannan ba alama ce mai kyau ba, Park ya amsa cewa camfi mai kula shi yake bi, ya kaɗa linzami bai waiwayo ba. A farkon 1806 ya wuce Yawuri a kwalekwale, ya halaka a Busa, wurin da tafkin Kainji ya shanye yanzu. A makaranta an koya mana wai shi ya gano Kwara, alhali kakannin Sarkawa na kamun kifi a cikinta tun kafin a san da shi. Duk da haka, tsayawa a wani ƙauyen Sikotlan ina tuna Yawuri ya sa na ji duniya ta matso kusa.

Rana ta ƙarshe muka ba Abbotsford. Daga tashar Tweedbank ana iya takawa da ƙafa. A 1811 ya sayi wata ƙaramar gona a nan kan kimanin fam 4,000, ya canza mata suna, ya yi ta sayen gonakin maƙwabta, ya yi ta gini har 1824. Gida ne kamar fadar tatsuniya, ga sulke da takubba a bango, ga bindigar Rob Roy, wani shahararren maharin shanu na ƙasar tuddai, ga ƙofar tsohon gidan yarin Edinbara an manna ta a jikin gini. Littattafai sun kai kimanin 9,000, suna nan inda ya jera su. Ɗakin rubutunsa ƙarami ne, teburi da kujerar fata, da wata 'yar matakala da yake saukowa ta kanta da asuba don kada ya tashi mutanen gida.

A nan dole in faɗi abin da ban ji daɗinsa ba. Son ƙasa ya yi masa yawa. Yana cin kuɗin littafin da bai rubuta ba tukuna, ya zuba a gini. Tun 1805 kuma ya shiga haɗin gwiwa a ɓoye da maɗaba'ar abokinsa James Ballantyne, abin da ko na kusa da shi da yawa ba su sani ba. A siyasa ma mai riƙon tsohon tsari ne, ya yi adawa da faɗaɗa 'yancin zaɓe, har a 1831 jama'a suka yi masa ihu da jifa a Jedburgh, garin da ya fara kare masu laifi. Mutumin da ya ji tausayin Tom Purdie shi kaɗai, bai ji kiran dubban irin su Purdie ba lokacin da suka haɗu suna neman ƙuri'a.

A ƙarshen 1825 kasuwar kuɗi ta Landan ta rikice. A watan Janairu 1826 kamfanin mai buga masa littattafai, Archibald Constable, ya durƙushe, ya ja maɗaba'ar Ballantyne, aka wayi gari bashin kimanin fam 120,000 na kan Scott. Ka auna da albashinsa na kotu biyu, fam 1,600 a shekara. Yana da shekara 54.

Abin da ya sa na daɗe a ɗakin nan shi ne wannan: mutumin lauya ne, ya san ƙofar fita sarai. Doka ta ba shi damar a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, a raba abin da ke hannunsa, masu bin bashi su karɓi abin da ya samu, shi kuma ya fara sabuwar rayuwa da alƙalaminsa. Abokai suka yi tayin taimako, ya ƙi. Ya zaɓi a kafa amintattu, duk abin da rubutunsa ya kawo ya tafi ga masu binsa, ya rubuta a kundinsa na yau da kullum cewa hannunsa na dama ne zai biya. Gaskiya ne gidan Abbotsford ya tsira, domin tun 1825 an rubuta wa babban ɗansa shi a yarjejeniyar aure, kuma akwai masu bin bashin da wannan bai yi musu daɗi ba. Amma gidansa na Edinbara, mai lamba 39 a titin Castle, an sayar, ya koma ɗakin haya. A watan Mayu na 1826 matarsa Charlotte, 'yar asalin Faransa wadda ya aura a 1797, ta rasu. Bai ajiye alƙalami ba, bai kuma daina zuwa kotu ba. Ya rubuta tarihin Napoleon juzu'i tara, ya fito a 1827. Cikin shekara biyu ya tara wa masu binsa kusan fam 40,000. A ƙarshen 1830 su da kansu suka mayar masa da littattafansa da kayan gidansa kyauta, don ganin irin ƙoƙarinsa.

Mu da ake tsayawa a gaban gawa a ce duk mai bin mamaci bashi ya fito ya faɗa, ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowa ke yarda ya ƙare a kansa ba alhali doka ta buɗe masa hanya. A teburina na ga attajirai sun mayar da dukiya sunan matansu daren da za a kawo sammaci.

A waccan shekara ta 1826, yana cikin wannan hali, ya rubuta wasu wasiƙu a jarida yana kare haƙƙin bankunan Sikotlan na buga ƙananan takardun kuɗinsu, gwamnati kuma ta janye aniyarta. Shi ya sa fuskarsa ke kan takardun kuɗin Bank of Scotland har yau. Da irinsu na sayi shayi a wurin.

Jiki bai ɗauka ba. Daga 1830 ciwon shanyewar jiki ya fara buga shi, ya ajiye aikin magatakarda. A 1831 aka kai shi Malta da Italiya ko iska za ta yi masa magani, amma hankalinsa na gida. Aka dawo da shi a Yuli 1832, aka sa masa gado a ɗakin cin abinci, kusa da tagar da ke kallon Tweed. A nan ya cika ranar 21 ga Satumba. Na tsaya a tagar, ga kogin na gudu a ƙasan ciyawa. Sauran bashin sai a 1847 aka rufe shi gaba ɗaya, da kuɗin haƙƙin mallakar littattafansa.

Da la'asar muka ɗauki tasi zuwa Dryburgh. A hanya direban ya tsaya a kan wani tudu da ake hango duwatsun Eildon masu kai uku, da kogin ya yi lanƙwasa a ƙasa. Ya ce a nan Scott yakan ja linzami duk lokacin da ya biyo, kuma ana cewa ranar jana'izarsa dawakan da ke jan gawar sun tsaya a wurin da kansu. Dryburgh kufai ne na wani gidan ibada da aka kafa a 1150, sojojin Ingila suka ƙona shi ba sau ɗaya ba. A wani ɓangare da rufinsa bai faɗi ba, bayan shingen ƙarfe, kabarinsa yake kusa da na matarsa, surukinsa John Gibson Lockhart wanda ya rubuta tarihinsa kuma yana wajen ƙafafunsa. Babu kowa sai mu da kukan hankaki.

Muka fito muka bi wata siririyar gada ta masu ƙafa a kan Tweed, don mu tari bas a St Boswells. A tsakiyar gadar yaron ya ce, "Kawu, Umma ta ce kana da wasu littattafai da kake rubutu a ciki in ka dawo daga kotu. Suna ina?"

Na ce suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, guda goma sha ɗaya, rabona da buɗe su tun kafin a haife shi.

Ya ce, "In na zo hutu zan buga maka su a kwamfuta."

Na ce to, amma sai na fara cire sunayen mutane. Ya duba agogo ya ce saura minti ashirin bas ya iso, muka ƙara sauri.